Makarantar Teburin Kicin

Bakwai da kwata, motar makaranta ruwan ɗorawa
ta wuce ƙofarmu ba ta rage gudu ba.
Direban ya ɗaga hannu, ya saba.
Linnea na taga, hanci manne da gilashi,
ta hura numfashi, ta rubuta sunanta da yatsa.
Ban tambaye ta me take kallo ba.
Amsar nake tsoro.

Marit ta dawo daga aikin dare a asibitin Duluth,
ta cire takalmi, ta kwanta da rigar aikinta.
Shi ya sa makarantarmu da raɗa take tafiya.
Ba mu da ƙararrawa sai butar shayi,
ita ma kafin ta yi kuka nake sauke ta.

Na share ɓurɓushin burodi da gefen hannu,
tebur ya zama aji.
Ni ne malami, ni ne hedimasta,
ni ne kuma wanda ya ƙona ƙwai ɗazu.

Yau lissafi: sulusi da rubu'i, wanne ya fi?
Ta ce rubu'i, ai huɗu ta fi uku.
Na zana da'ira, na yanka.
Ta ce huɗu ta fi uku.
Na sake zanawa, bakin fensir ya karye,
sai na ji muryata ta je inda ban aike ta ba.

Ta ajiye nata fensirin a hankali kamar ƙwai,
ta shige ƙarƙashin tebur wurin kare.
To, a nan gizo ke saƙar:
yaron da malami ya ɓata wa rai
yakan koma gida ya kai ƙara wurin uba.
Ita ina za ta?
Malamin da uban silifa ɗaya suke sawa.

Na ce a tashi, a nemo rigar sanyi.
Dusar ƙanƙara ta kai mata gwiwa,
iskar tafki na yanka kunne.
Bayan rumfa na ɗauki gatari,
na fasa gungume ɗaya gida uku,
ɗan'uwansa gida huɗu.
Ban ce uffan ba, na riga na cinye rabona na magana.
Ta fara jida, tana zaɓe, tana tsallake wasu.
Na ce, waɗancan fa?
Ta ce sun fi nauyi.
Sai ta tsaya, itace a ƙirji, tururi na fita bakinta.
Ta dubi tulin nan, ta dubi wancan.
Ta ce, au.
Shi ke nan, au ɗin nan ne albashina na wata.

Da la'asar a kantin Two Harbors
mai karɓar kuɗi ta ce, yau babu makaranta?
Linnea ta ce, an tashi.
Matar ta dube ni: da wa take wasa?
Na hau lissafo mata, 'ya'yan Solveig ranar Alhamis,
zamiyar ƙanƙara Asabar, laburare,
da sauri, kamar wanda ake bi bashi.

Dare. Marit ta ɗauki makulli ta fita.
Na buɗe darasin gobe ina bitar abin da na manta
tun ina ɗan aji huɗu, shekara talatin ke nan.
Na yi uku, na faɗi biyu.

A tsakiyar littafin na tsinci takarda.
Da'ira ce, karkatacciya, an raba ta uku:
Mama, Baba, ni.
An soke ta.
Ƙasa wata, an raba huɗu, an sa kare.
Gefe da manyan baƙaƙe, ɗaya a juye:
yi haƙuri Baba, naka ya ragu.

Na feƙe fensir biyu na ajiye don safe.